Irin Dawar Inna Azumi

Surukata sunanta Azumi. Sau ɗaya zan faɗa da bakina don wanda bai san ta ba ya sani, daga nan kuma Inna ce, yadda na saba kiranta. Kar kuma wani ya tare ni da tambayar da mutanen Agege, unguwarmu a Legas, suka ishe mu da ita, wai yaya Kirista da suna Azumi. A watan azumin maƙwabtansu aka haife ta, shi ke nan, a ƙauyensu ba a neman izinin kowa kafin a raɗa suna. Bahaushiya ce gaba da baya, 'yar Gidan Barmo can kudancin Katsina, kuma ubanta yana cikin mutum biyar na farko da aka yi wa baftisma a rafin garin. Yarabawan layinmu in sun gan ta ran Lahadi da zanen zumuntar mata sai su saki baki, don a wurinsu duk mai Hausa a baki masallaci ya nufa. 'Yan Arewa masu dako kuma in sun ji Katsinancinta sai su ce, "Hajiya, ina zuwa da sassafe?" Ta ce, "Coci, ɗana. Ko za ka raka ni?" Ban taɓa jin ta rage murya don ta faɗi haka ba.

Ni kuwa Damaris, a barikin Ikeja aka haife ni, ubana ɗan sanda ne mutumin Filato. Hausata ta bariki ce, Yarabanci ya fi zama a bakina, kuma har na auri ɗanta Ɗanjuma, Baban Godiya, ban taɓa riƙe fartanya ba. Dawa a wurina abin da ake aunowa ne a kasuwa a kai inji. Inna tana ce mini 'yar Ikko, wato 'yar Legas, ni kuma ina jin haushi, amma gaskiya ta faɗa.

Ba da son ranta ta zo Legas ba. Shekara huɗu da suka wuce, gab da faɗuwar damina, 'yan bindiga suka shiga Gidan Barmo da rana tsaka. Suka harbe mijinta a bakin rumbunsa, suka bi rumbunan garin ɗaya bayan ɗaya suka cinna musu wuta. Mutane suna ta ɗaukar yara suna fantsama daji, ita sai ta juya ta shiga madafa, rufin yana ci, ta tsinko zangarniyar dawa da ke rataye saman murhu, ta goya a baya da zani. Da wannan goyon ta kwana biyu a daji, da shi ta hau motar albasa har kasuwar Mile 12, inda Baban Godiya ya je ya ɗauko ta. Da na kwance mata zanin ina zaton takardu ne ko kayan sawa, sai ga dawa ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na dubi mijina, na ce a raina tsohuwa ta zautu.

Ashe iri ne. Irin dawar nan kaura ce ta gidansu, tun kakan mijinta ake juya ta. Duk kaka sai a shiga gona a zaɓi zangarniyar da ta fi lafiya, a rataye inda hayaƙi zai kore mata ƙwari, har damina ta zagayo. Inna ta ce iri dokarsa biyu ce. Ba a shuka shi duka, ana raba shi biyu a ajiye rabi ko shukar fari ta ƙi. Kuma ba a ci. Ta ba ni labarin wata yunwa da aka yi tana yarinya, suka yi wata biyu suna cin tafasa da dusa, ƙanenta ya mutu a shekarar, irin yana rataye saman kansu, ubanta bai miƙa hannu ba. Tana ba ni wannan labari ina danna waya, ina "Ayya, Inna" da rabin kunne. Allah Ya yafe mini.

To iri ba ɗan kunne ba ne da za a jefa a akwati a manta. A danshin Legas da ke cin har takalmi, in ya wuce shekara ba a shuka ba ya mutu. Dole kowace shekara ya shiga ƙasa ya fito sabo. Ina ƙasa a Agege, inda ko wurin shanya ana faɗa a kai? Inna ta samo. Cocinmu na Hausa ƙarami ne, yana kusa da layin dogo, a bayansa akwai wani ɗan fili tsakanin katanga da kwata, taku talatin a tsaye, sha biyu a kwance, juji ne kawai na kwalabe da leda. Ta roƙi dattawan ikkilisiya suka ba ta suna dariya. Mako biyu tana kwasar shara da hannunta. Abdoulaye, wani mai walda mutumin Maraɗi da ke da shago a bakin titin, ya tsaya yana kallonta kwana uku, ran na huɗu ya ƙera mata sungumi, wato doguwar fartanyar nan ta shuka da ake sara da ita a tsaye, ya kuma sa aka kawo mata taki buhu biyu daga mayanka. Ya ce shi ma ɗan manoma ne, ba ya iya ganin tsohuwa tana tonon ƙasa da guntun ƙarfe.

Shekarar farko ta sha kunya. Ruwan fari yana sauka a watan huɗu ta shuka, yadda aka saba a gida. Dawa ta tashi ta wuce katangar coci, fasinjojin jirgin ƙasa suna nuna ta da yatsa, amma da ta fitar da kai sai ta faɗa tsakiyar ruwan Legas da ba ya ɗaukewa, duk ta yi fumfuna ta ruɓe a tsaye. Na zaci za ta yi kuka. Dariya ta yi, ta ce, "Ruwan garin nan ba shi da hankali, kamar mutanensa." Ta ɗauko rabin da ta ajiye ta shuka a farkon watan tara, ya nuna bayan Kirsimeti cikin rani, ta girbe. Tun daga nan ta kama lokacinta, farkon watan tara, ba ta ƙara kuskure ba. In an tambaye ta wahalar me take sha a kan dawar da ba ta cika buhu ba, amsarta ɗaya ce: "Ran da za a koma Gidan Barmo, da me za a shuka? Rumbu duk ya ƙone. Abin da ya rage na garin nan kaf, shi ne wannan."

Haka muke har bara, da Ɗan'uwa Irmiya ya zo.

Kar ku yi zaton zan zage shi. Na san irin masu annabcin da suka cika Legas, masu farar kwat da turare, wannan ba irinsu ba ne. Manomi ne kuma mai bishara daga wani ƙauye a kudancin Kaduna. Ya tafi wa'azi maƙwabtan gari ran wata Lahadi, ya dawo ya tarar an kashe matarsa da 'ya'yansa uku. Ya iso wurinmu a rame kamar kara, da riga ɗaya, a kan bencin coci yake kwana, in an ba shi abinci rabi yake ci. Ran da Fasto ya ba shi dama ya yi shaida, ya tashi ya ce an nuna masa wahayi: ba za mu ga sabuwar shekara ba, kafin ta shigo za a busa ƙaho, Yesu zai dawo. Ya jero alamu, yaƙe-yaƙe, yunwa, satar mutane, ɗan'uwa yana sayar da ɗan'uwa. Wanne ne ƙarya a ciki? Duk wanda ke zaune a cocin nan akwai kabarin da ya baro a Arewa, ko gonar da ba ya iya zuwa.

Ni dai na gaskata, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Baban Godiya tirela yake ja daga Ijora zuwa Arewa, duk tafiyar da zai yi sai na yi ta riƙe waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na gaji da tsoro, na gaji da jin wa aka ɗauke, wa aka kashe. Da aka ce mini saura wata huɗu a nannaɗe komai, sai na ji an sauke mini kaya.

Fasto ya yi ta cewa a yi hankali, ba wanda aka faɗa wa ranar. Wa ke jin sa? Labari ya bazu, mutanenmu suka dinga zuwa daga Mile 2, daga Ijora, daga Iddo, motocin haya na danfo suna sauke su a bakin layi. Coci ya kasa ɗaukarsu. Ɗan'uwa Irmiya ya ce a yi azumi da addu'a kullum har ranar, dattawa suka ce to a kafa rumfa a bayan coci. Bayan coci kuwa gonar Inna ce, a lokacin babu komai a kai, ta gyara ta tana jiran watan tara.

Ta je ta same su. Ta ce, "Saura mako biyu in shuka." Wani dattijo, ba zan faɗi sunansa ba don yanzu kunya yake ji, ya ce, "Haba Inna, ki shuka wa zai ci?" Ta dube shi sama da ƙasa ta juyo gida. Ba ta taɓa zama a rumfar nan ba. Addu'arta ta safe ba ta fasa ba, sujadar Lahadi ba ta fasa ba, amma rumfa ko leƙe. Na ce, "Inna, ba ki yarda da bawan Allah ba ne?" Ta ce, "Yaron nan ba maƙaryaci ba ne. Ciwo ne ke magana a bakinsa." Ta sauko da zangarniyarta duk da haka, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta raba gwangwani biyu, na shuka da na ajiya, ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce za ta nemi wani wuri ko a gefen dogo ne.

Ran wata Alhamis ta tafi Mile 12 jinyar wata 'yar garinsu, za ta kwana biyu. A makon nan ne zumuntar mata suka ɗora mini kunun buɗe-baki na ran Asabar. Geron da na samo bai isa taron nan ba. Ina tsaye a ɗaki ina tunani, idona ya faɗa kan gwangwanayen nan. Ku ji irin lissafin 'yar Ikko: fili babu, baɗi babu, ga bayin Allah suna azumi, me ya fi dacewa da dawar nan in ba cikinsu ba? Har ina ganin aikin lada zan yi, in ta dawo in faɗa mata ta ji daɗi an yi hidimar Ubangiji da abinta. Na juye gwangwanin farko, na ga bai taka kara ya karya ba, na juye na biyu. Na wanke tokar tas, ina tsaki wai dubi yadda tsohuwa ta ɓata abinci da ƙazanta, na jiƙa a wani bokiti daban.

Ran Juma'a na tsame na zuba a kwando zan kai inji, sai aka ɗauke wuta. Mai injin layinmu ya ce janaretonsa ya lalace, in dawo gobe. Na rufe kwandon da buhu na ajiye a lungu. Sau dubu na zagi masu ɗauke wuta a rayuwata, amma na wannan ranar har gobe ina sa musu albarka.

Asabar da safe Inna ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, don kullum sai ta duba. Ta jawo gwangwani, ta girgiza, ta jawo ɗayan. Ta ce, "'Yar nan, ina irina?"

Na ɗauko kwandon da ƙarfin halina na yaye buhun. Ta tsoma hannu ta ɗebo, ta matso bakin ƙofa wurin haske. Kowace ƙwaya ta kumbura, ta fitar da ɗan farin tsiro a baki.

Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka, Inna. Ai na ga tunda Ubangiji yana dawowa, kuma bayin Allah suna..."

"Ke! Rufe mini baki."

Shekara uku da wani abu muna ɗaki ɗaya ba ta taɓa daka mini tsawa ba sai ran nan. Ta ce, "Ubana ya binne ɗansa bai ci iri ba. Na baro mijina kwance a ƙasa ban tsaya na rufe masa fuska ba, na ɗauko wannan. Ke kuma za ki dama shi kunu ki zuba sukari." Sai a lokacin labarin yunwar nan ya shiga kunnena da gaske. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ina cewa bari in shanya a rana ya bushe.

Ta ce, "Shanya me? Ya riga ya farka. Iri in ya farka ba ya komawa barci. Yau ko ya shiga ƙasa ko ya ruɓe, kuma babu na ajiya, kin haɗa kin wanke." Ta miƙe ta jawo sunguminta daga bayan ƙofa, ta ci ɗamara da mayafin. "Share hawayen nan, ba su tsirar da komai. Juye a ƙwarya ki biyo ni."

Na ce, "Ina za mu, Inna?"

Ta ce, "Gonata."

Muka ratsa layi, tsohuwa a gaba da sungumi a kafaɗa, ni a baya da ƙwarya a ka, masu keke suna mana hon. Abdoulaye ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube mu, ya dubi rumfar, ya kashe injinsa ya biyo mu daga nesa. Wajen ƙarfe goma ne, rumfa ta cika maƙil, mutum ya fi ɗari biyu a kan tabarmi, Ɗan'uwa Irmiya yana gaba da lasifika yana addu'a, ana amsawa da amin. Ni dai ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta tuɓe takalmi. Ta je kusurwar filin ta wajen kwata, inda take farawa kowace shekara, ta ɗaga sungumi ta sara. Saran ya sauka tazarar tafin hannu daga tabarmar wani mutum. Ya buɗe ido a firgice. Ta yi taku ɗaya ta sake sara. Ta waiwayo ta ce mini, "Zuba ki rufe." Na damƙo cike da hannu na zuba a ramin, na durƙusa ina tura ƙasa da yatsu.

Amin ta fara raguwa. Ɗan'uwa Irmiya ya tsaya, ya sauke lasifikar, ya ce, "Inna, me kike yi a wurin addu'a?"

Ta ce, "Shuka nake yi, ɗana. Ci gaba da addu'arka, ba ta tare mini hanya ba."

Ya ce, "Wa zai girbe? Ubangiji yana bakin ƙofa!"

Ta dogara sungumin a ƙasa, ta dube shi. Ba ta da lasifika amma har na bakin titi sun ji. Ta ce, "To Ya shigo mana, wa ya hana Shi? Tun ina goye nake jiran Sa. In akwai ranar da ta kamata duniya ta tashi, ai ran da aka kashe mijina ce. Na kwana a daji ina cewa Ya zo, Ya zo, sai gari ya waye. Shi Ya san ranarSa. Bai faɗa wa ubana ba, bai faɗa mini ba, abin da Ya sanar da ni shi ne watan shuka, kuma ga shi ya kama. In Ya zo gobe, Ya same ni a duƙe, ba zan ji kunya ba. Amma ba zan tsaya gabanSa in ce waɗanda suka ƙone mana rumbu sun kasa kashe irin nan, ni na ƙarasa musu ba. Sun kore mu daga gida, ba su isa su sa in naɗe hannu in zauna jiran mutuwa ba."

Ta ɗaga sungumi ta sara na uku.

Abin da ya faru daga nan ba wanda ya ba da umarninsa. Ni da aka haifa a bariki ban san shi ba sai ran nan: ɗan manomi ba ya taka shuka. Ko gonar maƙiyinsa ce, in iri ya shiga ƙasa, zagayawa yake yi. Mutanen da ke rumfar nan kuwa, masu gadi ne da masu dako da masu wanki a Legas, amma kowannensu a kunyar gona ya girma. Mutumin farko ya naɗe tabarmarsa ya ja baya. Inna ta ci gaba, na kusa da shi ma ya naɗe. Tana sara suna matsawa, layi bayan layi, bakinsu yana addu'a ƙafarsu tana ja da baya.

Wata mata 'yar Bauci da ban ma san sunanta ba ta kasa haƙuri da aikina. Ta ce, "Ke baiwar Allah, tuwo kike tuƙawa a ramin? Huɗu-huɗu ake sawa, kuma da diddige ake rufewa, ba da hannu ba. Kawo nan!" Ta fizge ƙwaryar, ta bi bayan Inna tana jefawa tana takewa ba ta ko duƙawa. Wasu mata biyu suka tashi suka ɗebi nasu a gefen zani. Dattijon nan mai "wa zai ci" ya tsaya yana sosa ƙeya, can ya ce wa maza, "To ai shuka ba ta yi a inuwa." Suka kama ƙarafan rumfa suka ɗaga ta ɗungurungum suka fitar gaban coci. Abdoulaye da ke tsaye bakin katanga ya sa hannu ya kama musu ƙafa ɗaya, yana cewa su ma a Musulunci haka aka koyar, ko tashin duniya ya same ka da dashe a hannu, ka dasa.

Ɗan'uwa Irmiya ne na ƙarshe da ya fita daga filin, kuma na lura da ƙafarsa, ta bakin katanga ya bi, a hankali, bai taka rami ko ɗaya ba.

Da yamma aka yi ruwa. Kwana huɗu shuka ta fito, ba duka ba, inda na zuba da yawa ta cunkushe sai da Inna ta cire. Ta yi mako guda ba ta yi mini magana ba in ban da gaisuwa, daga baya ta miƙa mini fartanya ta ce tunda na iya ɓarna sai in koyi gyara. Na yi noman fari, na yi maimai, hannuna ya yi kanta, Baban Godiya ya dawo daga tafiya ya same ni a duƙe ya yi dariya har da riƙe ciki. Addu'a kuma ba ta tsaya ba, an ci gaba a gaban coci, Ɗan'uwa Irmiya bai janye maganarsa ba ko da kalma ɗaya. Wasu suka bar aikinsu, wani ya fasa aurensa. Ni kaina ban daina tsoro ba, sai dai na rage zuwa rumfa don dawa ba ta barin mutum ya zauna.

Ranar ƙarshe ta shekara aka yi sujadar tsallakawa zuwa sabuwar shekara kamar kullum, aka tsallaka. Ba a busa ƙahon komai ba sai na motoci.

Da safe Inna ta ce in ɗauko wuƙa da buhu, dawa ta nuna, yau za a fitar da iri kafin a girbe sauran. Muna zagayawa bayan coci muka ga Ɗan'uwa Irmiya zaune a kan bulo, ya juya wa titi baya. An riga an kwashe rumfa, kowa ya watse. Wasu marasa kunya da ke wucewa suna ɗaga murya, "Annabi, barka da sabuwar shekara!" Ni ma, Allah Ya sani, na zo da nawa a baki. Wata huɗu na tsoro, da mutanen da suka bar aikinsu, da kunyar da na sha, duk na shirya in sauke masa. Inna ta harare ni sau ɗaya na haɗiye.

Ta je ta tsaya kusa da shi. Ta ce, "Ɗana, ka karya kuwa?"

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Inna, na ɗauka yau zan gan su."

Sai duk abin da na shirya ya zube. Ashe mutumin nan ba duniya yake so ta ƙare ba, matarsa da 'ya'yansa yake so ya gani, ya rasa wata hanya. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Inna ta ce, "Na sani. Ni ma nawa yana can. Suna hannun da ya fi namu, ba inda za su. Za mu same su ran da Ya ga dama, ba ran da muka gaji ba." Ta karɓi wuƙar daga hannuna ta miƙa masa. "Idona ya yi rauni. Kai manomi ne, tashi ka zaɓo mini iri."

Ya girgiza kai, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Ta tsaya da wuƙar a miƙe har hannunta ya gaji, bai karɓa ba. Ba ta roƙe shi ba. Ta mayar mini ta ce, "To 'yar Ikko, shiga ki zaɓo."

Ni me na sani? Na hango wata zangarniya a bakin kwata, ta fi kowace girma, ta sunkuyo don nauyi. Na ce yawwa, na tanƙwaro karan, na ɗora wuƙa.

"Ba wannan ba."

Na waiwaya. Ya ɗago kai, idanunsa jajur, amma a kan zangarniyar suke.

Na ce, "Ai ta fi duka girma."

Ya ce, "Ruwan kwata ne ya kumbura ta. Juya ta ki ga ƙasanta." Na juya, sai ga wasu ƙwayoyi sun yi baƙi, na taɓa suka fashe da gari kamar gawayi. Ya ce, "Burtuntuna ce. In kika haɗa ta da iri, baɗi duk gonar za ta kama. Daga tsakiya ake zaɓa, mai cikakken kai, wadda ta tsaya da kanta." Na saki wannan na kama wata. Ya ce, "Ba ita ba, tsuntsu ya sha rabinta. Kai, wannan yarinya!"

Ya miƙe, ya karɓe wuƙar daga hannuna, ya tuɓe takalmi ya shiga cikin dawar har ta rufe shi. Inna ta zauna a kan bulon da ya tashi, ta ce in buɗe bakin buhu in tsaya kusa. Ina jin kukansa daga cikin karan, kuka sosai irin na babban mutum, amma duk zangarniyar da ya miƙo mini babu ta yarwa ko ɗaya.